Faifan da Baffa Audu Ya Rataya Bisa Murhu

Ranar da Maryam ta kawo mini kwamfutar nan da nake rubutu da ita, sai da ta nuna mini inda ake kunnawa, kamar ban taɓa ganin irinta ba. Da ta gama sai ta ce:

"Mama, a sa miki antibairus ko a bari? Wasu sun ce yanzu ba dole ba ne."

Na yi dariya har ta tsargu. Ba ita nake yi wa ba. Tambayar ce ta girme ta. An taɓa yin ta a gidanmu na Funtuwa a ƙarshen shekarun tamanin, ina 'yar aji uku a sakandare, kuma amsar da aka bayar ita ce ta haifi barkwancin nan da kuka tashi kuna ji, wai Baffa Audu na Dayi ya gasa littafin kakanku. Kun sha dariyar, ni ma na sha taya ku. To yau zan faɗa muku yadda abin ya faru, don Baffa ya ɗauki kayan da ba nasa shi kaɗai ba, kuma ba ya raye balle ya sauke.

Kakanku, Malam Isiyaku, malamin gona ne. Aikin da aka ɗauke shi shi ne ya koya wa manoma sabon iri da sa taki, amma abin da ransa ke so daban. Duk ƙauyen da ya shiga a kan babur ɗinsa, daga Bakori har Musawa, in ya gama abin da ya kai shi sai ya nemi wanda ya fi kowa tsufa ya zauna yana tambayarsa tsohuwar dawa. Me ake kiran wannan? Daga ina kakanka ya samo ta? Jigawa take so ko laka? Tuwonta yana kwana? Ya rubuta kaura da farafara da mori, da takanda da karan dafi, da wasu da yawa da ko a ƙauyen gaba ba a san sunansu ba. Yana cewa sabon iri zai cinye tsoho, in ba a rubuta ba nan gaba ko sunan ba za a tarar ba. A bayan takardun ofis yake rubutawa, da kwalin sukari, da duk abin da ya samu a aljihu, ya zo ya tura a wata tsohuwar adaka. Shekara goma sha ɗaya yana wannan.

Kwamfutar kuwa wani Ba'indiye masanin iri ne da suka yi aiki tare ya bar masa ita da zai koma ƙasarsu. Kowa Dakta yake ce masa, ban taɓa jin sunansa ba. Akwati biyu ce, ɗaya bisa ɗaya, na saman mai gilashi, rubutunsa kore shar kamar ganyen masara bayan ruwa. Na ƙasan yana da baki siriri inda ake zura faifai, wani baƙin abu mai kusurwa huɗu, mai laushi, da rami a tsakiya, kowane da rigarsa ta takarda. Inna ta ɗinka mata mayafi da ragowar atamfa, tana kiranta talabijin marar mutane. Baba ya gwada buga rubutu, amma yatsunsa masu kauri ne, in ya nufi harafi ɗaya sai biyu su fito. Ni kuwa ana koya mana tafireta a makaranta. Haka aikin ya dawo hannuna. In na dawo daga makaranta, in akwai wuta, sai ya zauna a tabarma yana karanto takardun, ni ina bugawa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

"Uwata, rubuta: tana son laka, tsuntsu ba ya damunta."

A lokacin ni yarinya ce da ko gaisuwa sai an ce in ɗaga murya. Amma ina lura. Na san in aka zura faifai wata 'yar jar fitila za ta kama, a ji gurnani uku gajeru, sannan ta mutu. Na san ƙamshin da take yi in ta ɗumama, kamar na dutsen guga. Takardar da duk muka gama da ita Baba sai ya miƙa wa Inna ya ce an shigar da wannan, ita kuma ta naɗe daddawa da ita ko ta hura wuta. Babu wanda ya ga aibun haka. Ba mu da na'urar da ke fitar da rubutu a takarda. Shirin Baba shi ne in an kammala ya kai Zariya a buga masa gaba ɗaya.

Wata Asabar bayan girbi Yaya Nasiru ya zo, ɗan ƙanwar Baba da ke karatu a Zariya. Ya ci tuwo, ya wanke hannu, sannan ya zaro wani faifai daga cikin littafi ya ce ya kawo wa kwamfuta riga-kafi. Wai akwai wata cuta da ta shigo, tana bin faifai daga na'ura zuwa na'ura, tana lalata rubutu. In aka sa wannan, zai zauna a ciki kamar mai gadi, duk faifan da ya zo sai ya bincike shi. Ina bakin ƙofa riƙe da buta, na ƙi tafiya. Abin ya ɗaure mini kai. Yaya ƙarfe zai kamu da cuta? Zazzaɓi yake yi? Wa ya fara sa masa?

"Mutum ne ya ƙirƙire ta, Kawu, da gangan," in ji Yaya Nasiru.

"Don ya samu me?"

"Ba komai. Don dai a san ya iya."

Inna ta leƙo daga tsakar gida.

"In mura ce, Malam, akwai citta da kanumfari."

Baba bai yi dariya ba. Ya karɓi faifan ya juya shi gaba da baya, yadda yake juya zangarniya in yana neman cutar burtuntuna. Ya ce ya ga riga-kafin shanu da idonsa, ya san ɗan guntun cutar ne ake sa wa dabba, kuma ya ga lafiyayyen bijimi ya kwanta kwana uku bayan allura. Yaya Nasiru ya ce wannan ba haka yake ba, babu cuta a cikinsa. Baba ya tambaye shi ko zai rage mata sauri, ya ce kaɗan. Ko zai ci wuri, ya ce kaɗan.

"Amma Kawu, ai riga-kafi ya fi magani."

"Tsaya, Nasiru. Ka ce ta faifai cutar ke shiga?"

"Ƙwarai."

"Wannan na hannunka mene ne?"

"Faifai ne, amma..."

"Na'ura nawa ya shiga kafin ya zo gidana?"

Baba ya mayar da faifan cikin rigarsa, ya sa a aljihun tebur. Ya ce shi ga nasa riga-kafin, irin wanda ake yi wa garke: baƙuwar saniya ba ta shiga. Faifansa huɗu ne, Dakta ya bar masa su sababbi, kuma daga yau babu wani faifai da zai shiga bakin na'urar nan sai su. Ya dube ni.

"Kin ji, Uwata?"

Na ce na ji. Har yau ina ganin hujjar Baba ba ta banza ba ce. Abin da bai lissafa ba shi ne akwai mai buɗe wa baƙuwar saniya shinge a cikin gidansa.

Kafin wannan, sai na faɗa muku wata al'ada ta manoman wajenmu. Ba a ajiye iri wuri guda. In ka zaɓi zangarniyar da za ka shuka baɗi, sai ka ɗebi wani kaso ka kai wa ɗan'uwanka a wani gari, ko gobara ko gara ta ci rumbunka ba ka tashi a tutar babu ba. Haka Baba ya yi da rubutunsa. Duk Jumma'a yakan kwafe aikin a faifai uku. Na huɗun kuwa, a makon da Yaya Nasiru ya tafi, ya cika shi da duk abin da muka buga, ya ɗauke ni a babur muka kai wa yayansa Baffa Audu a Dayi, tare da ƙunshin zangarniyoyin da tsofaffi suka ba shi. Baffa ya riƙe faifan da hannu biyu.

"Me yake tsoro, Isiyaku?"

"Ruwa, Yaya. Da gara. Da yara."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"To bar mini."

Ƙawata ɗaya ce a makaranta, Sikira. Iyayenta Yarabawa ne masu shagon littattafai da kayan tafireta kusa da tasha, amma a Funtuwa aka haife ta, kuma in tana zuba Hausa ni ce nake zama kamar baƙuwa. Duk abin da na rasa na baki ita ta samu. Wata rana ta zo da faifai a cikin littafin lissafi, ta ce wanta ne ya zo da shi daga Kaduna, akwai wasa a ciki, su kuma ba su da inda za su sa.

"Baba ya hana," na ce.

"Baba yana ina?"

"Malumfashi, taro."

"To? Kwamfutar ce za ta kai ƙararki? Ke dai Allah ya sawwaƙe miki, kina zaune da abu kamar wannan kina rubuta masa sunan dawa!"

Ba don ta matsa ba ne na yarda, kada ku ɗora mata. Ni ce nake son in gani. Tun ranar da Yaya Nasiru ya yi maganar nan nake kallon faifai da wani ido, ina son in san me kuma zai iya ɗauka ban da rubutu. Da la'asar, Inna tana daka, na cire mayafin na zura shi. Wani maciji ne na ɗige-ɗige, yana yawo yana haɗiye abinci yana ƙara tsawo, in ya ciji jelarsa ya mutu. Muka yi ta yi muna toshe baki. Kafin a kira magariba na cire, na mayar da mayafin yadda yake, furen atamfar yana kallon ƙofa.

Washegari da na zura faifan Baba, fitilar ta kama, aka yi gurnani uku. Sai aka ƙara na huɗu, ɗan gajere, kamar mai gyaran murya.

Na daina bugawa. Baba yana tabarma yana neman takarda a adaka. Na ce a raina ƙila kunnena ne. Kashegari ma huɗu. Ran Jumma'a ina kallo ya zura faifansa uku ɗaya bayan ɗaya, kowanne na'urar ta yi masa wannan gyaran muryar. Faifan Yaya Nasiru yana aljihun tebur, gwiwata tana taɓa shi. Sau biyu ina jawo aljihun in Baba ba ya nan, in kalli rubutun da ke jikin rigar, in mayar. In na sa shi ya sami cuta, dole in faɗi inda ta fito. In na sa shi kuma ya zama shi ne mai cutar, kamar yadda Baba ya ce, na yi laifi biyu. Sai na zaɓi abin da na fi iyawa, na yi shiru. Mako uku.

Ranar da abin ya fito fili muna kan wata farafara ta wajen Musawa. Ina cikin bugawa sai harafi ɗaya ya saki layinsa ya gangaro ƙasan gilashin. Sai wani. Sai suka yi ta zubowa kamar tsaba in an bugi zangarniya, suna taruwa a ƙasa. Wallahi abin da ban sha'awa, kuma kunyar da nake ji har yau ita ce na ɗan lokaci kallo kawai nake yi ina mamakin wanda ya zauna ya koya wa haruffa faɗuwa. Baba ya miƙe tsaye.

"Uwata, me kika taɓa?"

"Ban taɓa komai ba."

Aka kashe aka kunna. Rubutun ya ƙi buɗuwa. Aka sa faifai na ɗaya, na biyu, na uku, duk abin da ya fito wasu alamomi ne da ba na kowane harshe ba. Aka aika wa Yaya Nasiru. Da ya zo bai ce ai na faɗa ba, Allah ya saka masa. Ya ciro faifansa daga aljihun tebur, Baba bai hana ba. Cikin abin da bai kai dahuwar shayi ba ya gano cutar a na'urar da faifan ukun duka, ya kashe ta. Amma ya ce kashe ɓera ba ya dawo da hatsin da ya ci. Ya tambaya ko wani baƙon faifai ya shiga. Baba ya ce babu. Ni ina kallon ƙafata.

Inna ce ta tuna.

"Malam, ba ka kai wa Yaya Audu ɗaya ba?"

Da sassafe muka hau babur ni da Baba. A Dayi Baffa Audu ya tarbe mu da fara'a, ya ce a kwantar da hankali, ajiyarsa ko sarkin ɓarayi bai san inda take ba. Ya shige gaba har ɗakin girkin matarsa, ya sa turmi ya taka, ya miƙa hannu can cikin jinka, daidai bisa murhu, inda kowane manomi yake rataye irinsa don hayaƙi ya kore ƙwari. Ya sauko da ƙunshin zangarniyoyin, baƙi ƙirin da kunkunniya. A tsakiyarsu, ɗaure da igiyar rama ta cikin ramin nan na tsakiya, ga faifan. Ya lanƙwashe kamar ganyen da ya sha rana, yana maiƙo.

"Ruwa bai taɓa shi ba," in ji Baffa. "Gara ba ta hawa nan. Yara kuwa ko sun hau turmi ba su kai."

Baba ya karɓa. Ya daɗe yana kallonsa.

"Ka kyauta, Yaya. Ni ne ban ce maka yana tsoron zafi ba."

A hanyar dawowa na faɗa. Ina jin da a ɗaki ne, yana kallona, da har yau ban faɗa ba. Amma a babur bayansa kawai nake gani, iska kuma tana kwashe rabin muryata. Na faɗi Sikira, da macijin, da gurnani na huɗu, da mako ukun. Muka wuce wata gada. Sannan ya sauka gefen titi ƙarƙashin wata ɗorawa, ya kashe babur, bai juyo ba.

"Na huɗun nan, gajere ne, kamar tari?"

"E, Baba."

"Ni ma na ji shi."

Ya ci gaba:

"Tun makon farko na ji. Na ce in na tanka, sai na aika wa Nasiru, yaron da na yi wa wanka, ya zo ya tarar da gaskiyarsa. Sai na ce bari mu gani." Ya share fuska da hularsa. "Ke kin ji tsoro, ni na ji kunya. Hau mu tafi, Uwata, akwai aiki."

Bai sake tayar da maganar ba, ko ga Inna. Da labarin faifan da aka rataya bisa murhu ya bazu a dangi, kowa ya sami abin dariya, Baffa ma da kansa yake ba da shi a wajen biki yana ƙara masa gishiri. Ni da Baba muka bar shi a haka. Ya fi mana sauƙi.

Hutun nan gaba ɗaya a tabarma muka yi shi. Baba ya sayo babban littafi mai bango mai tauri. Wannan karon ni ke faɗa shi ke rubutawa, don ashe abin da yatsuna suka buga ya zauna a kaina fiye da yadda na zata. Sai in rufe ido in ga layin kore, in karanto. Inna ta bi maƙwabta tana karɓo takardun daddawar da ba a yar ba, muka sami guda bakwai, suna wari, muka shanya. Abin da ya ɓace muka koma ƙauyuka nema. Sai mun rubuta a littafi sannan mu shigar a kwamfuta, wadda yanzu mai gadinta yana ciki, yana sa ta jinkiri kaɗan kullum da safe. Baba yakan jira shi ba ƙorafi, har yana ce masa Malam Nasiru.

Mun dawo da mafi yawa, amma ba duka ba. Wadda ta fi ci wa Baba rai wata gajeriyar jar dawa ce mai nuna da wuri, da wata tsohuwa a wani ƙauye bayan Bakori ta ba shi zangarniya uku. Ta ce a kayan aurenta ta zo da ita daga garinsu, kuma ita kaɗai ta rage tana shuka ta a bayan ɗaki. Ranar da aka shigar da ita ina jarrabawa, Baba ne ya buga da yatsunsa, don haka ban taɓa ganin sunan ba. Shi kuma abin da ya iya tunawa kawai sunan yana da alaƙa da wani tsuntsu. Da muka je, an yi arba'in ɗin tsohuwar. Jikokinta suka ce su dai dawar Iya suke ce mata, kuma ragowar an daka an yi kunun sadaka.

Baba ya zauna a kan wani kututture a ƙofar gidan. Can sai ya ɗago.

"Uwata, ƙunshin nan na Dayi. Zangarniya nawa ja a ciki?"

Na rufe ido. Na ga hannun Baffa yana saukowa daga jinka.

"Uku, Baba. Gajeru. An ɗaure su da zare shuɗi."

Suna nan. Watanni suna shan hayaƙin da ya narkar da faifan, ko ƙwaro ɗaya bai huda su ba. Da ruwa ya sauka Baffa ya shuka su a kunya huɗu a bayan gidansa, ya kewaye da ƙaya, ya hana kowa zuwa kusa. Suka fito duka.

To Maryam, amsar tambayarki ita ce a sa, yau ɗin nan, kuma ki kwafe mini rubutun nan ki kai wa yayanki a Kaduna, ki faɗa masa duk abin da rubutun yake tsoro, kada ki rage ko ɗaya. Ku kuma in kun je Dayi aka kawo muku jan tuwon nan da kuke rububi, kuka ji ana ce wa dawar 'Yar Baffa, ku sani ba sunanta ba ne. Sunanta na gaskiya ya zube ƙasan gilashi ina kallo. Sunan 'Yar Baffa kuwa Baba ne ya raɗa mata a gaban kunya huɗun nan, ranar da ta fitar da kai, kuma a duk abin da muka sake shigarwa a kwamfuta shi kaɗai ne ya ce in matsa, ya buga da hannunsa.